Ashe ba taifot ba ce, jini ne babu

Ni abin da ƙanƙara ya fara min. Ba ruwan sanyi ba fa, ita kanta ƙanƙarar, in buɗe firiza in kankaro ta jikin bango da cokali in zuba a kofi ina tauna ƙurus ƙurus, in babu wuta kuwa in aiki yaro gidan masu sayarwa ya siyo min ta leda in fasa da taɓarya. Har cikin hunturu, kowa na neman rigar sanyi ni ina zaune da kofin ƙanƙara. Maigida yace ko dai ciki ne dake, nace wane irin ciki Abban yara, autana fa ya shiga firamare. Bayan ƙanƙara sai ƙamshin ƙasa, in aka yayyafa ruwa a tsakar gida za a yi shara sai inji yawuna ya tsinke, har ta kai ina siyan farar ƙasa a kasuwa ina sawa a jaka, in na samu ba kowa a ofishin malamai in ɗan gutsura.

Sauran abubuwan kuma a hankali suka dinga zuwa shi yasa ban haɗa su waje ɗaya ba. Ajina a saman bene yake, kafin in kai sama sai na tsaya na dafa bango ina haki, yara su wuce ni suna sannu Anti. In na ɗago daga ruku'u sai inga duhu duhu, da daddare in na kwanta inji bugun zuciyata a cikin kunne, ciwon kai kusan kullum da yamma, ga bacci in yi shi in tashi kamar ban yi ba. Mai kitsona ce ta fara min maganar gashi, tace Maman yara gaban kanki fa yana tafiya, faratana ma ko wanki na yi sai sun ɓare. Kowanne ina da amsarsa: aiki ne, yara ne, zafin gari ne, shekaru ne sun fara turawa.

In abin ya yi yawa kuma sai kyamis, kun dai san yadda ake yi. A ɗebi jini a ce maleriya da taifot, a haɗo allurai da kwayoyi, in ɗan ji dama dama saboda na kwanta na huta, bayan wata ɗaya ko biyu a koma gidan jiya. Wannan gwajin na Widal da ake cewa ya nuna taifot, likitoci da kansu suna faɗa ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, mutum lafiyarsa ƙalau ma yana iya nunawa, amma a unguwa shi ne alƙali. Ba wanda ya taɓa cewa bari mu duba yawan jininki.

Maƙwabciyata nas ce, mun haɗu a gidan suna ina zaune ina fifita, ta kalle ni ta kalle ni sai tace Yaya zo nan. Ta ja fatar idona ta ƙasa da yatsa, ta juya tafin hannuna ta ɗora kusa da nata. Wallahi sai a lokacin na ga bambancin, nata ja ja nawa kuma fari fat har layukan tafin sun koɗe. Tace gobe kafin ki tafi makaranta ki biya lab ki ce PCV za a miki, gwajin yawan jini, ba tsada, kuma ki turo min abinda aka rubuta.

PCV ɗin ba wani aiki ba ne. Ya huda min ɗan yatsa, ya tara wani siririn bututun gilashi jinin ya hau da kansa, ya toshe gindinsa da wani abu kamar danƙo, ya sa a inji ya juya na ƴan mintuna. Da ya ciro sai kaga jinin ya rabu biyu, ja a ƙasa ruwa ruwa mai kalar rawaya a sama, nawa jan ɗan kaɗan ne, ruwan ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ya ɗora a kan wani faranti mai layi layi ya auna, ya kalle ni yace Hajiya a haka kike yawo? 26 ne. Mace lafiyayya ana son ta kai 36 zuwa sama.

To daga nan fa sai likitocin gida suka tashi. Umma tace a dinga haɗa min lemon malt da madarar gwangwani safe da yamma, Gwaggo ta aiko da zoɓo baƙi wuluk tace shi ne jini, wata abokiyar aikina tace ganyen ugu za a murje a tace, wata tace tumatirin gwangwani ake damawa a malt ɗin, mai kyamis kuma ya jero min kwalaben tonik kala kala masu tsada. Na sha malt da madara iya sha, ƙiba na ɗan yi, benen nan dai yana nan yadda na san shi. Madara kusan ba ta da sinadarin ayon, wato ƙarfen da jiki ke gina jini dashi, kalshiyom ɗin cikinta ma tare shi yake ya hana hanji ya tsotsa, malt kuma mafi yawansa sukari ne. Zoɓo don yana ja ba shi ne zai zama jini ba. Maƙwabciyar tawa ce ta matsa, tace Yaya 26 ba na shan malt ba ne, ki je babban asibiti a nemo dalili.

Na je na yanki kati na bi layi, wanda ya san asibitin gwamnati ya san sammako ake yi kuma da azahar ake fitowa. Likitan namiji ne, ba yaro ba, ya duba takardar PCV ɗin ya ajiye gefe sai ya shiga tambayoyi. Haihuwa nawa, nace biyar, tazara nawa, nace uku na farko kusan a jere suke. An taɓa miki ƙarin jini? A haihuwar ta huɗu an sa min leda ɗaya. Kin sha maganin ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo? Nace ina farawa dai. Kina shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac da yawa? Kina ganin jini a bayan gida ko ya yi baƙi kamar kwalta? Basir fa? Jini a fitsari? Akwai mai sikila a gidanku? Kina cin nama sau nawa a sati, shayi fa? Da nace masa ina tauna ƙanƙara da farar ƙasa ko mamaki bai yi ba, rubutawa kawai ya yi yace wannan alama ce sananniya ta ƙarancin ayon.

Sai ya zo kan al'ada. Nace lafiya lau take zuwa duk wata. Yace ba zuwanta na tambaya ba Hajiya, kwana nawa take yi kuma yaya yawanta. Nan na ɗan yi shiru don kunya, wannan magana ko da yayata ban taɓa zama mun yi ta ba. Shi ya dinga jawo ni da tambaya: tana wuce sati? Eh tana kaiwa tara har goma. A ranakun da ta fi zuba kina canza audugar mata duk bayan awa nawa? Nace wani lokacin awa ɗaya ko biyu ta jiƙe, har biyu nake haɗawa in ƙara da zani. Kina tashi cikin dare ki canza? Eh. Guda guda fa? Nace manya ma. Kina fasa fita saboda ita? Nace ranar biyu da ta uku in ba dole ba bana zuwa ko'ina, in na je makaranta ma baƙar abaya nake sawa kuma bana zama a kujera. Ya ajiye biro yace to duk wannan da kika lissafa ba daidai ba ne, ko ɗaya daga ciki ya isa a ce jinin ya yi yawa.

Ni kuma wallahi a tunanina haka kowa take yi. Da wa zan gwada? Ba ma faɗa wa juna. Abin da ya fi ɗaure min kai da na zauna na yi tunani, na sha tambayar malamar islamiyyarmu hukuncin sallah in jini ya wuce kwanakinsa, na san zancen ƙarin kwana uku, na san ba ya wuce kwana 15 a mazhabarmu ta Malikiyya, in ya wuce ya zama na ciwo ki yi wanka ki yi sallah. Duk mun haddace wannan. Amma kalmar ciwon da ke ciki ba wadda take ɗauka ta kai asibiti, a ajinmu na matan aure kusan duk sati sai wata ta yi irin tambayar nan, a ba ta amsar sallah a wuce.

Ya rubuta min gwaje gwaje, takarda ta cika. Na cikakken ƙirgen jini wanda suke ce wa FBC, shi a jijiyar hannu ake ɗiba a zuba a ƴar kwalba mai murfi shuɗi shuɗi kalar makuba, sai na maleriya, na bayan gida don tsutsar ciki, na fitsari, jinotaif duk da nace masa AA ce ni tun gwajin aure yace a sake, sai sikanin na mara, sai kuma wani wai shi feritin. Wannan na ƙarshen a asibitin aka ce babu kayan aikinsa, sai da na je lab na kuɗi, kuma kuɗinsa shi kaɗai ya kusa na sauran duka, har na tsaya ina shawara da kaina a bakin kanta ko in bar shi. Na dai daure na biya. Sikanin kuma sai kin sha ruwa mara ta cika fam kina matse ƙafa a layi kafin a kira ki, wannan ya fi komai wahala a ranar.

Da na koma da rizol ya jera su a tebur yana nuna min da biro, Allah ya saka masa da alheri don ba kowane likita ne yake da wannan haƙurin ba. Haimogulobin, sinadarin da ke sa jini ya yi ja, 8.4. Yace ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, mace baliga marar ciki in ta gaza 12 tana da ƙarancin jini, mai ciki in ta gaza 11, namiji in ya gaza 13, ƙasa da 8 kuma ga wadda ba ta da ciki ya zama mai tsanani, kin ga saura ƙiris. Ya nuna wani layi MCV, 68, yace girman ƙwayoyin jinin kenan, ya kamata su kai 80, naki ƙanana ne kuma sun koɗe saboda ba a samu isasshen ayon da za a gina su ba. Feritin kuma 6. Shi ne yake nuna ajiyar ayon da ke jiki, ƙasa da 15 ajiya ta ƙare, likitoci da yawa ma tun daga ƙasa da 30 suke fara magani. Yace ajiyar ce take fara ƙarewa tun kafin jini ya sauka, mutum zai iya shekara da shekaru PCV ɗinsa na nuna lafiya alhali gajiya da zubar gashi sun riga sun fara. Ya kuma ce da ina da zazzaɓi a lokacin da sai ya ce in jira, don maleriya ko wani kumburi a jiki yana ɗaga feritin ya nuna kamar akwai alhali babu.

Maleriya babu, tsutsa babu, AA ɗin tana nan. Sikanin ne ya nuna ƙari a mahaifa, faibroid, guda biyu ba manya ba amma ɗaya ya turo ta cikin mahaifar, irin wanda yake sa zubar jini kenan. Gabana ya faɗi da naji kalmar ƙari, yace kwantar da hankalinki ba daji ba ne, kuma ya fi yawa a matan baƙar fata, mata da yawa suna da shi ba su ma sani ba.

Lissafin da ya min shi ne ya zauna min a kai. Duk ayon ɗin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, mafi yawansa yana cikin jini. Ƙwayar jini tana yin kamar kwana 120 ta mutu, jiki ya kwashe ayon ɗinta ya sake amfani dashi, ba ya zubarwa. Daga abinci kuwa abinda hanji ke tsotsa a rana miligiram 1 zuwa 2 ne kacal duk yawan abinda kika ci. To in jini yana fita waje duk wata fiye da ƙima, abinci ba zai taɓa cike gurbin ba. Ga ciki ɗaya yana cin kusan miligiram 1000, ni kuma na yi biyar, ban taɓa tsayawa na mayar da abinda ya tafi ba. Yace in na ba ki magani ban taɓa zubar nan ba, ɗura ruwa muke a randa mai yoyo.

Nace likita wai wannan abin da yawa ne ko ni ce dai. Dariya ya yi yace ki leƙa layin da kika baro, in na gwada matan da ke zaune a bencin nan ba zan yi mamaki ba in fiye da rabi suna dashi. Na ɗauka zuzutawa ce irin ta likitoci, ashe ko kusa. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta yi a 2018, wanda aka bi gida gida ana huda yatsa, ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. A duniya gaba ɗaya ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna kusan kashi 30 na mata masu wannan shekarun, masu ciki kashi 37. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet Haematology a 2023 ya ƙiyasta mutum biliyan 1.92 ne ke da ƙarancin jini a 2021, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kenan, mata kashi 31 maza kashi 17 da ɗoriya, kuma yankin da ya fi ko'ina shi ne namu na Afirka ta Yamma, kashi 47. Wato mu ninki biyu muke na duniya. Shi yasa ba ma ganinsa, in kowa a gida yana haki wa zai ce wa wani ba ka da lafiya? Mace ta ce ta gaji a ce son jiki ne, budurwa ta faɗi a asambuli a ce aljanu ko ba ta karya ba.

Ba duka ne na ayon ba, wannan ma ya ja min kunne a kai. Ƙarancin ayon ne kan gaba amma a wajenmu akwai maleriya da take fasa ƙwayoyin jini, akwai sikila, akwai tsutsar ciki mai shan jini da take shiga ta tafin ƙafa, akwai tsargiya ga masu shiga rafi da dam, akwai ciwon ƙoda, akwai ƙarancin folik asid da bitamin B12. Mai sikila da ake yawan yi masa ƙarin jini ayon yawa ma yake masa, in aka ɗura masa tonik cutar dashi aka yi. Don haka a ce maka ba ka da jini bai ƙare magana ba, sai an ce me ya jawo.

Maganin da ya rubuta kuwa har raina shi na yi. Jar ƙwayar nan ce dai ta awo, Fersolate, da ƴar rawayar folik asid, kuɗinsu bai kai na kwalbar tonik ɗaya ba. Kowace ƙwaya mai miligiram 200 tana ɗauke da ayon kamar 65, tonik da yawa in ka duba jikin kwalbar cokalinsu bai kai haka ba, zaƙi ne da kwalliya. Nace ba za a min ƙarin jini ba? Yace a'a, tunda kina tafiya da ƙafarki kuma zuciya ba ta gaza ba, leda ɗaya ma kamar maki ɗaya take ɗaga haimogulobin, ga haɗarinta, jikinki zai gina nasa in ya samu kayan aiki. Akwai na ƙarin ruwa da ake sa ayon ɗin ta jijiya a zama ɗaya, an ma yi babban gwajinsa a kan masu ciki a asibitocin Kano da Legas ƙarƙashin Farfesa Bosede Afolabi, amma yana da tsada, yace sai in ƙwayar ta gagara. Sai kuma ya tura ni ɓangaren mata, can aka ba ni tranexamic acid, maganin rage zubar jini, shi a ranakun zubar kawai ake sha, ba kullum ba.

Dokokin shan ƙwayar su ne aiki. Da safe kafin a ci komai, da ruwa ko lemon zaƙi don bitamin C yana taimaka mata ta shiga, ba shayi ba madara ba maganin olsa mai alli alli sai bayan awa biyu. Ni kuwa shayi ne rayuwata, baƙi mai kauri da safe da biredi, wani bayan abincin dare, ashe ganyen shayi yana riƙe ayon ɗin da ke cikin abinci ya hana shi shiga, musamman irin na wake da ganye da hatsi wanda dama shi muka fi ci. Ban daina ba gaskiya, matsar dashi na yi zuwa hantsi, lokacin tara ta makaranta nake sha.

Satin farko na gane dalilin da yasa mata suke jefar da ita a ƙarƙashin katifa lokacin awo. Tashin zuciya, ɗanɗanon ƙarfe a baki kamar na tsotsi kwabo, ciki ya ɗaure bayan gida ya gagara, in ya fito kuma baƙi ƙirin, da ba a gaya min ba da na tsorata. Da na koma nace likita ba zan iya ba, sai yace to ki dinga sha yau ki tsallake gobe. Nace ba zai rage aiki ba? Yace bincike na baya bayan nan ya nuna in ka sha ayon jiki yana fitar da wani sinadari, hepcidin, da yake rufe ƙofar hanji na kusan kwana ɗaya, don haka tsohon tsarin nan na sau uku a rana yawancinsa wucewa kawai yake yana tayar da ciki. Na koma Litinin, Laraba, Juma'a, na sa alam a waya, na ƙara ruwa da gwanda da miyar kuɓewa, cikin ya saki.

Abu ɗaya da nas ɗin da ta ba ni maganin ta nanata, kuma zan nanata muku: ƙwayar nan ja ce mai sulɓi da ɗan zaƙi a baya, yaro zai ɗauka alawa ce, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. A saman wadirof nake ajiye tawa, ba a jaka ba.

Abin mamaki kwaɗayin ƙanƙara ne ya fara tafiya, tun kafin in ji wani ƙarfi, wata rana kawai na buɗe firiza na ga ko sha'awa ba ta ba ni. Farar ƙasar da ta rage a jaka na zubar, dama ita ma tana cikin masu hana ayon shiga. Bayan kamar wata guda aka sake gwaji haimogulobin ya hau 10 da ɗan wani abu, yace haka ake so, kamar maki 2 a sati uku zuwa huɗu, da bai motsa ba da sai mu ce ko ba kya sha ko zubar ta fi ƙarfin maganin ko hanji ba ya tsotsa. Al'ada ma ta ragu sosai da wancan maganin, ba ta koma kamar ta ƴan mata ba amma ina kwana ban tashi ba. Bene kuma sai ranar da na tsinci kaina a sama ina magana da wata malama ban tsaya ba.

Da ya kai 12 da ɗigo 3 na ɗauka an gama, har na yi masa godiya zan tashi. Yace ina, yanzu jinin ne ya cika, ajiyar ba ta cika ba, ki ƙara wata uku. A nan mutane da yawa suke yankewa, da sun ji ƙarfi sai su ajiye, bayan shekara su dawo da 8 ɗinsu.

Ta ɓangaren abinci ban yi wani abin a zo a gani ba don kowa ya san kuɗin nama yanzu. Hanta nake siya ko ta ɗan kaɗan ce sau ɗaya a sati, ita da saifa sun fi tsoka ayon kuma na nama ya fi saurin shiga jiki, sai kifi busasshe a miya, wake, zogale da rama da alayyahu, in na yi kwaɗo in matse lemon tsami in yanka tumatir ɗanye a kai. Gero ma yana da nasa, kuma jiƙa shi da barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yin koko yana rage abinda ke riƙe ayon ɗin. A Nijar har wani irin gero aka fitar a 2018 mai suna Chakti da aka inganta shi don ya fi ayon. Masu ciki dai an ce su yi hankali da yawan cin hanta saboda bitamin A ɗinta ya yi yawa.

Tun daga nan na zama mai jan fatar ido a gidanmu. Babbar ƴata mai shekara 16 na kai ta, haimogulobin ɗinta 11.2, feritin ɗinta ma ƙasa, ita ma an ɗora ta a kan ƙwaya, kuma na zaunar da ita na mata tambayoyin nan da likita ya min ɗaya bayan ɗaya tana sunkuyar da kai. Ƙanwata mai shayarwa 10 da rabi. Maigida ya je don in ƙyale shi, nasa 14 da wani abu, ya dawo yana min taƙama.

Wanda ya ba mu tsoro Kawu ne, ƙanin Umma, ya haura sittin, ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa yana shan diclofenac kusan kullum, da aka gwada 9 ne. Mu muka ce a siyo masa irin ƙwayata, likita yace a'a ba haka ake yi ba. Namiji ko macen da ta daina al'ada ba su da hanyar da jini ke fita a fili, in ayon ɗinsu ya ƙare to sai an duba ciki da hanji, don yana iya zama gyambon ciki ne ke tsiyaya a hankali, yana iya zama basir, yana kuma iya zama dajin hanji tun yana ƙarami. Aka zura masa kyamara ta baki aka ga gyambo, aka hana shi maganin gwiwar aka ɗora shi a kan na olsa da na ƙwayar cutar da ke jawo ta, an kuma ba shi ranar da za a duba ta ƙasa, yana ta ja da baya wai shi ba za a yi masa wannan ba, Umma ce take fama dashi.

Ni kuma feritin ɗina na ƙarshe 41. Likitar mata tace faibroid ɗin yana nan, zaɓi biyu ta ba ni, ko a sa min robar mahaifa mai sinadarin hormone wadda take rage jinin al'ada sosai, ba irin mai jan ƙarfen nan ba don ita ƙara zuba ma take, ko kuma a cire wanda ya turo ciki ta hanyar aiki ba tare da an yanka ciki ba. Mun yi magana da Abban yara ya bar min zaɓi, na fi karkata ga aikin in an yi hutun ƙarshen zango, kafin nan dai ina kan maganin rage zubar kuma duk bayan wata shida zan dinga zuwa a duba jinin da feritin tare.